Fasahar gobe: wa zai riƙe ta, wa zai gyara ta?

An san rigakafin cutar agana tun 1796, lokacin da Edward Jenner ya gwada shi a Ingila. Amma a 1967, bayan shekara 170 da wani abu, cutar tana ci gaba da kama mutum miliyan 10 zuwa 15 duk shekara, tana kashe kusan miliyan biyu, waɗanda suka sha da ƙyar kuma ta bar su da zanzana a fuska, wasu da makanta. Maganin yana nan, kai shi damtsen mutane ne ya gagara.

Cikin abubuwan da suka kwance wannan ƙulli har da wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba. Wani masani Ba'amurke mai suna Benjamin Rubin ya ɗauki allurar keken ɗinki, ya goge wajen kafarta har ta koma mai baki biyu. In aka tsoma ta a kwalbar magani, ɗigo ɗaya ne ke maƙalewa tsakanin bakunan, daidai abin da mutum ɗaya ke buƙata. A caccaki damtse sau 15 da sauri, an gama. Kwalbar da a da take isar mutum 25 sai ga ta tana isar 100. Ana tafasa allurar a sake aiki da ita, wanda bai taɓa taka ajin likitanci ba kuma yana koyon aikin cikin 'yan mintuna. Aka haɗa ta da maganin da aka busar ya zama gari, mai jure zafi ko babu firji. A watan Oktoban 1977 aka ga mutum na ƙarshe da cutar ta kama a yaɗuwarta cikin jama'a, a garin Marka na Somaliya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa agana ta bar duniya.

Duk lokacin da aka tada zancen matsalolin da ke jiran bil'adama, mutane kan rabu biyu. Wasu sun zuba ido suna jiran wata na'ura mai abin al'ajabi da za ta zo ta share komai. Wasu kuma cewa suke fasaha ce ta jefa mu cikin wannan hali, saboda haka babu alherin da za a tsammata daga gare ta. Ni dai a ganina yawancin abin da duniya ke buƙata an riga an gano shi, ko an kusa. Inda gizo ke saƙa shi ne fasalin da aka ba abin: hannun wa zai shiga, nawa zai ci, me zai faru ranar da ya lalace alhali wanda ya ƙera shi yana wata nahiya. Masu ƙirƙira ne ke samun lambar yabo, amma masu tsara fasali ne ke yanke wanda abin zai isa wurinsa da wanda zai tsallake.

Matsalolin kuwa ba sai an yi dogon lissafi ba. Mun cika biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, ana hasashen za mu kusa biliyan 10 a tsakiyar wannan ƙarni. Shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara rubuta ma'aunin zafin duniya. Sama da mutum biliyan biyu ba su da tsaftataccen ruwan sha abin dogaro, ɗaruruwan miliyoyi ba su da lantarki. Annoba kuma mun ɗanɗana a 2020, babu mai cewa ita ce ta ƙarshe.

Misalin da ya fi zauna mini a rai shi ne ruwan gishiri da sukari. Tun shekarun 1960 masana suka gano cewa hanjin mai gudawa yana iya shan gishiri da ruwa muddin akwai sukari tare, ko da kwalara ce ta kama shi. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladesh, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sami kansa a sansanin 'yan gudun hijira, kwalara ta ɓarke, ledar ƙarin ruwa ta ƙare. Sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ɗiba suna ba su da kofi. Mace-macen suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Wannan ɓangaren kimiyya ke nan, kuma da a nan aka tsaya, da abin ya zauna a mujallun likitoci.

Abin da BRAC, wata ƙungiyar agaji ta Bangaladesh, ta yi daga 1980 shi ne ainihin aikin. Ta lura cewa uwar da ke ƙauye ba ta da sikeli, ba ta da cokalin awo, watakila ba ta iya karatu ba. To da me za ta auna? Da hannunta. Gishiri abin da yatsu uku suka ɗauko, sukarin rake cikin dunƙulen hannu ɗaya, ruwa rabin lita. Ma'aikatan, yawancinsu mata, suka bi gida-gida, su zauna da uwa, su haɗa a gabanta, ta haɗa a gabansu, su karta mata alama a jikin kwanonta daidai inda rabin lita ya tsaya. Wani abin da ya ƙara burge ni shi ne yadda aka tsara biyansu. Bayan wasu makonni sai wani ya biyo sawu ya tambayi wasu daga cikin iyayen abin da suka riƙe, ya sa su haɗa, a gwada ruwan. Gwargwadon abin da iyaye suka iya, gwargwadon kuɗin ma'aikaciya. Ta haka aka rufe ƙofar shiga gida a yi surutu a fita. Cikin shekara goma sun kai gidaje kusan miliyan 12. A duniya baki ɗaya, yaran da gudawa ke kashewa duk shekara sun sauko daga sama da miliyan huɗu a 1980 zuwa ƙasa da rabin miliyan yau. Ba ruwan gishiri da sukari kaɗai ya yi wannan ba, amma kasonsa babba ne.

A kwatanta da PlayPump. Famfo ne da aka haɗa da lilo mai juyawa: yara na wasa, ruwa na hawa tanki. A hoto babu abin da ya kai shi kyau, yara na dariya, ruwa na zuba. A 2006 aka shelanta tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi, da burin kafa 4,000 a kudancin Afirka da gabashinta don mutum miliyan 10. Jaridar Guardian ta Birtaniya ta buga lissafi a 2009 cewa in ana so a cim ma wannan buri, sai yara sun yi awa 27 suna juya lilon a kowace rana. Yara kuwa suna gajiya, suna tafiya makaranta, kuma lokacin da aka fi buƙatar ruwa, wato sassafe, ba lokacin wasa ba ne. A wasu ƙauyukan Mozambik an cire famfon tuƙa-tuƙa mai aiki an sa wannan, sai mata manya suka koma tura lilon yara da hannu. Ya ninka famfon hannu tsada, in ya lalace kuma sai an jira wani daga nesa. Da an zauna da mai ɗiban ruwa ko na wuni ɗaya, da ta faɗi duk wannan kyauta. Amma da mai ba da kuɗi aka zauna, shi aka yi wa ƙirar.

Haka ta faru da kwamfutar dala 100 da Nicholas Negroponte ya fito da ita a 2005 don yaran ƙasashe masu tasowa. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubbai, binciken da aka fitar a 2012 kuma bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. An kawo na'ura, an manta da malami.

Shi ya sa in aka nuna mini sabuwar fasaha da aka ce za ta ceci duniya, tambayata ta farko ita ce wa zai gyara ta. Bincike daban-daban ya nuna cewa a kowane lokaci, kusan ɗaya cikin kowane famfon hannu huɗu ko biyar a Afirka kudu da Sahara ba ya aiki, galibi saboda wata 'yar roba ko wani ƙarfe da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka tsara famfon hannu mai suna Afridev a shekarun 1980 daga wannan tambaya suka fara. Suka yi shi yadda mutanen ƙauye za su iya zaro kayan cikinsa da hannu, da sufana ɗaya, ba sai an kira mota mai ƙugiya ba, kuma suka bar zanensa a buɗe, kowace masana'anta na iya ƙerawa. Babu wanda zai tsaya ɗaukar hoto da shi, amma yana ba da ruwa.

Na san abin da za a ce: allura da famfo ba za su hana duniya ɗumama ba, babbar matsala sai babbar kimiyya. Gaskiya ne, kuma ba na raina ɗakin bincike. Takin zamani da Fritz Haber da Carl Bosch suka buɗe hanyarsa tsakanin 1909 da 1913 shi ke ciyar da kusan rabin mutanen duniya yau, kuma babu wanda zai haɗa shi da yatsu uku. Amma mu duba labarin sola da kyau. A 1954 aka ƙera farantin sola na farko mai amfani a Amurka, ya yi shekara kusan hamsin yana abin taurarin ɗan'adam da masu kuɗi. Me ya sauko da shi? A shekarar 2000 Jamus ta yi doka cewa duk wanda ya samar da lantarki daga hasken rana, dole a saye shi a farashi tsayayye har shekara 20. Kasuwa ta buɗe, masana'antun Sin suka shigo da ƙarfinsu, kuma an lura cewa duk lokacin da adadin farantan da aka taɓa ƙerawa ya ninka, farashi na faɗuwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Tsakanin 2010 da 2020 kaɗai ya faɗi da kusan kashi 90. Batirin litiyom ma hanyar da ya bi ke nan. Ga sakamakon a Pakistan, inda a 2024 'yan kasuwa da manoma da masu gidaje suka shigo da farantai masu ƙarfin kusan gigawat 17, ba tare da wani taron ƙoli ya umarce su ba. Sun ga ya fi araha ne kawai. Ke nan 'yan majalisar da suka rubuta waccan doka su ma masu tsara fasali ne, ko da ba su taɓa riƙe sukudireba ba.

Doka ce kuma ta gyara ɓarnar da ƙirƙira ta yi wa samaniya. Akwai wani injiniya Ba'amurke, Thomas Midgley, da tarihi ya yi wa wani irin rabo. Shi ya gano zuba dalma a man fetur a 1921, shi ne kuma ya jagoranci samar da iskar CFC ta firji bayan 'yan shekaru. Dukansu sun warware matsalar da aka ba shi, kuma a zamaninsa an yaba masa. Dalmar ta shiga jinin yara ta taɓa ƙwaƙwalwarsu a duk duniya, sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da irin wannan mai. CFC kuwa ta huda rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana. An gano ramin a 1985, aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987, kuma da kamfanoni suka tabbata za a rufe kasuwar tsohon sinadarin, nan da nan suka fito da madadinsa. Rufin yana warkewa a hankali.

Wannan ya kawo ni ga abin da masu ɗokin fasaha ba sa son ji. Maganin yau yakan zo da cutar gobe, har ma wanda aka yi da kyakkyawar niyya. A shekarun 1970 aka duƙufa haƙa rijiyoyin burtsatse a Bangaladesh don raba mutane da ruwan kududdufi mai kwalara, kuma an ceci yara masu yawa. Babu wanda ya gwada ruwan don neman gubar asenik. Sai a 1993 aka tabbatar tana ciki, bayan miliyoyin mutane sun yi shekaru suna sha. Ɗaya daga cikin matakan da suka fi aiki bayan nan shi ne a gwada kowace rijiya, a shafa wa bakin famfonta fenti, kore in lafiya, ja in akwai guba. Mataki ne mai kyau, amma ihu ne bayan hari. Darasin da na ɗauka shi ne duk abin da za a baza wa miliyoyin mutane, a tsara shi tare da hanyar gano illarsa da wuri da hanyar ja da baya. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu shawarar a watsa sinadarai a sararin sama don rage zafin rana. Rijiya ana iya shafa mata jan fenti a koma ta maƙwabta, samaniya kuwa guda ɗaya ce.

Ita ma fasahar da muke kira mai tsafta tana da nata bashin. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobal da ke shiga batura daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, wani ɓangarensa daga ramukan da mutane ke haƙa da hannu. Sharar kayan lantarki ta kai tan miliyan 62 a 2022, abin da aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan sharar ma tsara ta aka yi. Wayar da aka manne batirinta da gam yadda ba ya ciruwa, wani ne ya zauna ya zaɓi hakan. Ba sabon hali ba ne: a 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki suka haɗa baki kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya daɗe. Kamfani ba ya ƙera abin da zai rage masa ciniki don Allah da Annabi, sai an tilasta shi. Faransa a 2021 ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara a jikin wayoyi da wasu kayan lantarki, Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2024 ta ce caja iri ɗaya ga duk sababbin wayoyi. Ƙananan dokoki ne, amma da yake masana'anta ba ta son ƙera kaya iri biyu, sai ga amfaninsu ya isa ƙasashen da ba su san an yi su ba.

Jarrabawar da ke tafe mafi kusa ita ce zafi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. Ba zan ce wa wanda ke kwana cikin zafin digiri 40 kada ya saya ba, masu faɗin hakan galibi daga ɗaki mai sanyi suke magana. Amma ginin da aka lulluɓe da gilashi a ƙasa mai rana, sannan aka ɗora masa injin sanyi don ya yaƙi zafin da shi ya tara, laifin mai zane ne tun daga takarda. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker ta zanen gine-gine a 2022, ya gina makarantar firamare a ƙauyen Gando na ƙasarsu a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon rufin sama da silin yadda iska ke ratsawa tsakani ta kwashe zafin. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe sama da mutum 1,300, aka fito da tsarin gargaɗi a 2013, daga baya aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, wanda ke rage zafin ɗaki da 'yan digiri. Ga jariri ko tsoho, waɗannan 'yan digirin ba abin wasa ba ne.

Ƙirƙirarriyar basira fa? Tana da amfani na gaske, musamman wajen hasashen yanayi da binciken magunguna, kuma cibiyoyin da ke ɗauke da ita da sauran ayyukan intanet sun riga sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024. Sai dai hasashe, komai kyansa, yana mutuwa a allon kwamfuta in babu wanda zai kai shi ƙofar gida.

Bangaladesh ta sake zama makaranta a nan. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a dare ɗaya. Ta 1991 ta kashe kusan 138,000, mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Guguwar Amphan ta 2020 ta zo da ƙarfinta, aka kwashe sama da mutum miliyan biyu, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su wuce 'yan gommai ba. Tauraron ɗan'adam ya taimaka, babu shakka. Amma tsakaninsa da masunci akwai 'yan sa-kai sama da 70,000, rabinsu mata, da kekuna da lasifika da tutoci, tuta ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon haɗari. Akwai kuma dubban matsugunai da aka ɗora bisa ginshiƙan kankare, waɗanda a sauran ranakun shekara makarantu ne, don haka akwai mai share su da mai riƙe mabuɗi.

A farko ma an gina matsugunan mutane suka ƙi zuwa. Da aka tambaye su, amsoshin ba su da wuyar fahimta: magidanci ba zai bar saniyarsa, wadda ita ce dukiyarsa kaf, ga ruwa ba, mata kuma ba za su kwana a cunkushe da maza a ɗaki ɗaya babu banɗakinsu ba. Sai aka sauya zanen. Sababbin suna da wurin dabbobi, da ɗakuna da banɗakuna na mata daban, da gangaren da keken guragu zai hau. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin cewa zuwa 2027 kowane mutum a duniya ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin bala'i, a lokacin kuwa kusan rabin ƙasashe ba su da cikakken irinsa. Kuɗin na'urorin auna yanayi da manhajoji za a same su, don akwai kamfanonin da ke sayarwa kuma suna da masu yi musu magana a tebur. Fargabata tana kan kuɗin batirin lasifika, da horar da 'yan sa-kai, da albashin wanda zai zauna ya tambayi mutane me ya hana su fitowa, domin in kasafi ya matse, su ake fara yankewa.